Char siu: Jan gasasshen naman Sinawa da yadda ake yin sa a gida

A titunan Hong Kong da Guangzhou, da unguwannin Sinawa na Landan da New York, akwai wasu shagunan abinci da tagoginsu kaɗai sun isa talla. A bayan gilashi ana rataye gasassun agwagi da dinya, a gefensu kuma wasu dogayen yankan nama jajaye masu sheƙi, bakinsu ya ɗan ƙone, maiƙo na ɗiga daga jikinsu. Wannan jan naman shi ake kira char siu, kuma yana cikin abincin kudancin ƙasar Sin da suka fi yaɗuwa a duniya.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, a asalinsa naman alade ne. Idan aka rubuta char siu a jerin abinci ba tare da an ambaci wata dabba ba, to alade ake nufi.

Suna da asali

Sunan daga harshen Kanton yake, wato harshen lardin Guangdong da Hong Kong da Macau. "Cha" na nufin cokali mai yatsu, "siu" kuma gashi. Dalili shi ne ana soke naman a jikin wasu dogayen ƙarafa masu yatsu, a rataye shi cikin tanda mai siffar ganga, wuta na ci daga ƙasa. Masu magana da harshen Mandarin suna cewa chashao.

Char siu ɗaya ne daga cikin dangin gashi da ake kira siu mei, wanda ya haɗa da gasasshiyar dinya da agwagwa da kuma cikin alade mai ƙarmasasshiyar fata. Mutanen Hong Kong ba su cika gasa shi da kansu ba. Sukan biya shagon mai gashi a hanyar komawa gida, a yanka musu a kan gungumen katako, su kai gida a ci da farar shinkafa da ganye. Wanda ya san kan abin yakan ce a ba shi "bun fei sau", wato rabi kitse rabi tsoka.

Naman ya shiga har cikin maganar yau da kullum. Uwar da ɗanta ya ishe ta a Hong Kong takan ce da ta haifi yankan char siu da ya fi mata, tunda shi aƙalla ana iya ci. A fim ɗin Stephen Chow na 1996, The God of Cookery, kwanon shinkafa da char siu da soyayyen ƙwai ne ya sa alƙaliyar gasar girki zubar da hawaye.

Gasa shi a gida ya fi ƙarfi a wurin Sinawan da suka yi ƙaura zuwa garuruwan da babu mai gashi a kusa, sai kuma baƙin da suka ɗanɗana suka kasa mantawa.

Abin da ke ba shi ɗanɗano da launi

Sirrin char siu yana cikin ruwan haɗin da ake jiƙa naman a ciki. Kowane mai gashi da nasa ma'auni, amma kayan ba su cika sauyawa ba.

Akwai ruwan waken suya mai gishiri, wanda Sinawa ke amfani da shi kusan a kowane girki. Akwai hoisin, wata miya baƙa mai kauri da zaƙi da ake yi da tsumammen waken suya. Ma'anar sunanta "abincin teku", ko da yake babu kifi ko jatan lande a cikinta. Akwai garin yaji mai haɗi biyar: kanumfari, kirfar Sin, barkonon Sichuan mai sa harshe zuga, ƙwayar fenel, da wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro. Sai tafarnuwa, da giyar shinkafa ta Shaoxing ko wata giya mai ƙamshin furen wardi.

Zaƙin kuwa daga zuma yake fitowa, ko daga maltos, wani sukari mai danƙo da ake samu daga tsiron hatsi. Maltos bai kai zuma zaƙi ba, amma ya fi ta kama jikin nama, shi ya sa na shago ke sheƙi kamar an shafa masa fenti. Yana da taurin kai: idan ya yi sanyi cokali ma da ƙyar yake shigarsa, sai an ɗan ɗumama shi.

Jan launin yana da tushe biyu. Na gargajiya shi ne nam yu, wato awara da aka tsuma tare da wata jar shinkafa har ta yi laushi kamar man shanu. Aikinta a wannan haɗi ya yi kama da na daddawa a miya: warinta ba ya burge baƙo, amma in babu ita ɗanɗanon ba ya zurfi. Launin da take bayarwa ja ne mai duhu, kusan ruwan ƙasa. Ja mai haske kamar jan kyalle da ake gani a shaguna da yawa kuwa, kalar abinci ce kawai aka zuba, ba ta ƙara komai a baki.

Yadda ake gasa shi a tandar gida

Sinawa sun fi son naman wuya da saman kafaɗa, wanda suke kira mui tau, saboda kitsensa a warwatse yake cikin tsoka. Tsoka zalla takan bushe kafin sukarin ya kama. Ana yanka naman dogo-dogo, kaurin kowane yanka kamar santimita 5.

Ga kilo ɗaya na nama, masu girki da dama sukan sa babban cokali 3 na hoisin, 2 na ruwan waken suya, 2 na zuma ko maltos, ƙaramin cokali 1 na garin yajin, curi 2 na nam yu tare da ɗan ruwanta, da tafarnuwa dakakkiya. Kafin a zuba naman, ana ɗebe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin a ajiye daban domin shafawa a lokacin gashi. Wannan mataki ba na ado ba ne: ruwan da ɗanyen nama ya kwana a ciki bai dace a shafa shi a kan gasasshen nama ba sai an tafasa shi.

Naman yakan kwana a firiji cikin haɗin, daga awa 8 zuwa 24.

Tandar gida ba ta da tsayin da za a rataye nama, don haka ana shimfiɗa shi a kan ragar ƙarfe, a sa tire mai ɗan ruwa a ƙarƙashi. Ruwan yana tare ɗigon maiƙo da sukari, waɗanda in suka faɗa kan busasshen ƙarfe mai zafi za su cika ɗakin girki da hayaƙi. Ana gasawa a zafin digiri 200 na ma'aunin Salshiyas na kusan minti 20, a juya, a shafa haɗin da aka ajiye bayan an ƙara masa zuma, a mayar na wasu minti 15 zuwa 20. A ƙarshe sai a ɗaga wutar zuwa digiri 230 na 'yan mintoci, a sake shafawa sau ɗaya ko biyu.

Waɗannan mintocin ƙarshe su ne wurin da ake cin nasara ko a yi asara. Abin da ake nema shi ne bakin naman ya yi duhu nan da can, sukarin ya narke ya kama. Tsakanin wannan da ƙonewa mai ɗaci bai wuce minti biyu ba, kuma mai girkin da ya juya baya don amsa waya yakan dawo ya tarar da gawayi. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne shafa zumar tun farko, sai waje ya ƙone ciki bai nuna ba.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da shawarar cewa zafin cikin yankan naman alade ya kai digiri 63, sannan a bar shi ya huta minti 3. Masu char siu sukan wuce haka kaɗan domin kitsen kafaɗa ya narke. Bayan an sauke, ana barin sa kamar minti 10 kafin a yayyanka shi a gicciye.

Inda ya kai

Ragowar naman ba ta zama asara. Ana yanka ta ƙanana a cusa cikin farin burodin da ake turarawa, wanda ake kira char siu bao, ko a zuba a soyayyiyar shinkafa da taliya. 'Yan ci-ranin kudancin Sin sun kai shi Biyetnam, inda ake ce masa xa xiu, da Tailan, inda sunansa mu daeng, wato jan alade. Japanawa sun ari sunan suka ce chashu, amma nasu dafa shi ake yi cikin romo a ɗora kan taliyar ramen.

Ga wanda ba ya cin alade

Ƙasar Sin ita kaɗai tana cin kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya, kuma a harshen Sinanci idan aka ce "rou", wato nama, ba a ambaci dabba ba, galibi alade ake nufi. Wannan ya shafi 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa, da ke zuwa sarin kaya Guangzhou, da ɗalibai, da mazauna Birtaniya da Amurka masu sayen abincin Sinawa. Jajayen gutsattsarin nama a cikin soyayyiyar shinkafa "ta musamman" sau da yawa char siu ne, ko da an ce shinkafar ta kaza ce ko ta jatan lande. Farin burodin nan ma ba ya nuna abin da ke cikinsa sai an ɓara.

A ƙasar Sin, shagunan halal suna ɗauke da alamar 清真, wadda ake karantawa qingzhen, kuma suna da yawa a unguwar Xiaobei ta Guangzhou inda 'yan Afirka ke taruwa. A Malesiya da Singafo, Musulmi sun daɗe da mayar da girkin nasu ta hanyar amfani da kaza.

Cinyar kaza da aka zare wa ƙashi ita ce ta fi dacewa, domin tana da kitsen da zai jure wuta. Ƙirji yakan bushe. Naman sa yana buƙatar yanki mai kitse, na rago kuwa ƙamshinsa yakan yi gardama da zaƙin zumar, ko da yake akwai masu son sa a haka. Cinyar kaza ba ta buƙatar fiye da minti 25 zuwa 30 a digiri 200, amma dole zafin cikinta ya kai digiri 74.

Sauya naman kaɗai bai wadatar ba. Giyar Shaoxing sai a bar ta, a sa ruwan citta ko ɗan ruwan tuffa a madadinta. Nam yu ma yawanci da giyar shinkafa ake tsuma ta, haka nan wasu kwalaben haɗin char siu da ake sayarwa a shirye, don haka sai an karanta jerin kayan da ke jikin kwalba. Wanda ya bar nam yu zai iya ƙara hoisin da rabin cokali, ya samo launin daga garin jan tattasai.