Dokar Amurka ta 1998 kan ƴancin addini a ƙasashen waje

A ranar 27 ga Oktoba 1998 ne shugaba Bill Clinton ya sanya hannu kan dokar da ta shigar da ƴancin addini cikin diflomasiyyar Amurka. Tushenta shi ne ƙudurin da ƴan majalisa Frank Wolf da Arlen Specter suka gabatar a 1997, bayan koke-koken majami'u game da halin Kiristocin Sudan da Sin. Su biyun sun nemi a riƙa ƙaƙaba takunkumi kai tsaye. Gwamnati da ƴan kasuwa suka ƙi, sai aka sassauta: aka kafa ofishi a ma'aikatar harkokin waje, da jakada na musamman, da hukuma mai zaman kanta, da rahoton shekara-shekara. Hukunci kuwa, daga gargaɗi a asirce har zuwa takunkumi, aka bar shi a hannun shugaban ƙasa, tare da ikon ɗage shi.

A nan gizo ke saƙar. Ƙasashe biyar da aka fara sanyawa a jerin masu tauye addini a 1999, wato Bama, Sin, Iran, Iraƙi da Sudan, babu aminiyar Amurka a cikinsu. Saudiyya, wadda ba ta yarda da gina coci ba, sai a 2004 ta shiga, aka kuma ɗage mata hukunci. Rahotannin dai sun amfani tsiraru irin su Baha'awan Iran, domin sun adana shaidar abin da ake yi musu.

Maƙwabciyarmu Nijeriya an saka ta a 2020, aka cire ta a 2021, aka mayar da ita a 2025, kowane karo a ƙarƙashin gwamnati dabam a Washinton.