Bureka: Daga Tankin Mai Zuwa Kwalbar da Babu Iska

Yau kan bureka zan yi magana, na'urar da ke katse wuta a tasha idan waya ta faɗi ko layi ya haɗe.

Tun farkon ƙarni na 20, manyan bureka cikin tankin mai suke aiki. Idan ƙarafa biyun da wuta ke bi suka rabu, tartsatsi mai tsananin zafi ke tashi tsakaninsu, man ne ke kashe shi. Sai dai kowace katsewa tana ƙona man, ya yi baƙi, idan kuma danshi ya shiga ƙarfinsa ya ragu. Dole a riƙa tacewa ana canzawa, in ba haka ba wata rana tankin ne zai kama da wuta. To ku auna wannan da Haɗejiya: ƙurar hunturu, danshin fadama, ga ambaliya irin ta 2020 da 2022.

A 1926 Royal Sorensen ya gwada wata dabara a Kalifoniya ta Amurka: a rufe ƙarafan cikin kwalba, a zuƙe iskar tas. Sai farkon shekarun 1960 kamfanin General Electric ya kai ta kasuwa. Wutarmu tana saukowa sifili sau 100 a daƙiƙa ɗaya, a nan tartsatsin ke mutuwa, tunda babu iskar da za ta riƙe shi. Babu mai, ƙura ba ta shiga kwalbar.

Mu a nan fa? An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 KEDCO ta karɓi Kano, Katsina da Jigawa. Suna ya canza sau biyu, amma ƙarfe ba ya sabunta don an canza allo.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba sai an rushe tasha ba: sau da yawa ana zare tsohuwar bureka ne a saka ta kwalba a gurbinta. Shi ya sa nake ganin mu matasa, idan mun je taron masu amfani da wuta, kada mu tsaya kan taransifoma kawai. Mu tambaya: wace irin bureka ce a kan layin da ke ciyar da injinan casar shinkafarmu, kuma yaushe aka duba ta?