Mashaƙon Maruƙa

Mashaƙon maruƙa, wanda likitocin dabbobi ke kira "calf diphtheria" a Turanci, cuta ce da ke ruɓar da naman maƙogwaron ƙananan shanu, galibi 'yan wata 3 zuwa 18. Ana kuma amfani da sunan ga nau'in da ke kama baki da harshen maruƙa 'yan ƙasa da wata 3. Ƙwayar Fusobacterium necrophorum ce ke haddasa ta, takan shiga ta rauni ko gyambo a maƙogwaro. Masanin Jamus Friedrich Loeffler ya bayyana ƙwayar a shekarar 1884.

Kalmar "diphtheria" ta samo asali daga Girkanci, inda take nufin fata, saboda ɓawon da ke rufe gyambon. Suna kawai suka haɗa da mashaƙon mutane, domin ƙwayoyinsu daban ne.

Alamominta su ne zazzaɓi, tari mai zafi, dalalar miyau, warin baki da numfashi mai ƙara. Idan ba a yi magani ba, maraƙi na iya mutuwa cikin mako guda. Ana yi masa allurar fenisilin ko oksitetrasaikilin, idan numfashi ya toshe kuma a huda maƙoshi a sa bututu.