Ɗigo shida: yadda makafi suka ƙwaci rubutunsu daga hannun masu ido

Wanda ya leƙa ajin yara makafi, kamar na lakwal ɗin Soli Abdourahamane da ke Yamai, abin da zai fara ji shi ne ƙarar tsinke yana huda takarda. Yaro zai saka takarda mai kauri cikin wani ɗan allo mai ramuka, ya yi ta huda ta daga dama zuwa hagu. In ya gama sai ya juya ta, ya bi tudun ɗigon da yatsa daga hagu zuwa dama, ya karanta abin da ya rubuta. Wannan shi ne rubutun Braille. Mutane da yawa suna zaton wasu masana masu ido ne suka tausaya wa makafi suka ƙago musu shi. Tarihi ya nuna akasin haka. Yaro makaho ɗan shekara 15 ne ya tsara shi, kuma malamai masu ido sun shafe shekaru suna ƙin sa kafin su sallama. Labarin ya cancanci mu san shi, domin har gobe ana maimaita kuskuren da aka yi a cikinsa.

Mu fara da birnin Paris na shekarar 1771. Wani tafinta mai suna Valentin Haüy ya je wata kasuwar baje koli, sai ya tarar an tara makafi a kan dandali, an sa musu tabarau na kwali da huluna na ban dariya, an ba su kayan kiɗa suna ta kaɗe-kaɗe barkatai, jama'a na ƙyaƙyata dariya. Makafin daga gidan Quinze-Vingts aka kwaso su, wani gida da Sarki Louis na 9 ya gina tun wajen 1260 don ɗaukar makafi 300. Abin ya tsaya wa Haüy a rai. A 1784 ya samu wani saurayi makaho mai bara a ƙofar coci, François Lesueur, ya ce zai koya masa karatu. Da yake da kuɗin barar ne gidansu Lesueur ke ci, sai da Haüy ya yarda zai riƙa biyan sa abin da ya saba samu a bara. Duk Bahaushen da ya taɓa ƙoƙarin raba yaro makaho ko ɗan jagoransa da titi don kai shi makaranta ya san wannan ciniki. Daga wannan ɗalibi ɗaya makarantar makafi ta Paris ta samo asali, kuma a ƙarshen 1786 har gaban Sarki Louis na 16 aka kai ɗalibanta suka nuna karatunsu.

Dabarar Haüy ita ce a buga haruffan boko da muka sani, manya-manya, a danna su cikin jiƙaƙƙiyar takarda har su yi tudu, makaho ya shafa ya gane su. A idon malami wannan tsari ya yi daidai, tunda shi ma yana iya karanta littafin ba tare da ya koyi wani sabon abu ba. Ga ɗalibi kuwa wahala ce. Harafin da aka tsara don ido yana da lanƙwasa da kusurwoyi da yatsa ba ya rarrabewa da sauri, sai mutum ya bi kowane harafi a hankali, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Littattafan suna da nauyi da tsada, makarantar ba ta da su da yawa. Babbar matsalar ita ce ɗalibi ba ya iya rubuta irin wannan harafi da hannunsa ya sake karantawa.

A wannan makaranta aka kawo Louis Braille a 1819, yana ɗan shekara 10. An haife shi ranar 4 ga Janairu 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da Paris. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka sirdi da sauran kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya ɗauki wani ƙarfen aikin fata a rumfar mahaifin yana wasa, ya soki idonsa. Ciwon ya harbi ɗaya idon, kafin ya kai shekara 5 ya makance ɗungurungum.

A 1821 aka shigo da wani sabon tsari makarantar, na wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier. Shi Barbier ya ajiye siffar harafi gefe guda, ya yi amfani da ɗigo masu tudu da ake hudawa da tsinke. Ɗalibai suka yi murna, domin karon farko ke nan da suke iya rubutu su karanta da kansu. Amma tsarin yana da nasa aibi: kowace alama tana iya kai ɗigo 12, layi biyu masu shida-shida, tsawon da kan yatsa ba ya rufewa a taɓawa ɗaya. Braille ya zauna yana gwaji a lokutan hutu, har ya rage gidan zuwa ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, daidai faɗin kan yatsa. Da ɗigo 6 ana samun alamomi 63. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, suna amfani da ɗigo huɗu na sama kawai. Goma na biye su ne dai waɗancan, an ƙara musu ɗigo ɗaya a ƙasa ta hagu. In aka sa alamar lamba a gaban a zuwa j, sai su zama 1 zuwa 0. A 1824 ya kammala ginshiƙin tsarin, ya wallafa shi a 1829, ya fitar da gyararren bugu a 1837, har da alamomin lissafi da na kiɗa.

Daraktan makarantar na lokacin, Dakta Pignier, ya mara masa baya, ya kuma ɗauke shi aikin koyarwa. Sai dai a 1840 aka sauke Pignier, mataimakinsa Pierre-Armand Dufau ya hau kujerar, ya hana amfani da ɗigon Braille. Hujjar masu adawa ita ce wannan rubutu zai ware makafi daga sauran jama'a, tunda mai ido ba ya iya karanta shi. A ƙarƙashin hujjar akwai wani tsoro da ba a cika faɗa ba: in makafi suna da rubutun kansu, kuma suna iya koyar da junansu, matsayin malami mai ido zai ragu. Ɗalibai ba su daina ba. Manya suka ci gaba da koya wa ƙanana a ɓoye, suna huda takarda da duk wani abu mai tsini da ya zo hannunsu. Joseph Guadet, mataimakin Dufau, ya lura cewa yaran sun fi sauri da ɗigon nesa ba kusa ba, ya shawo kan maigidansa. A Fabrairun 1844, ranar buɗe sabon ginin makarantar, aka yi gwaji a gaban jama'a: aka yi wa ɗalibi shifta ya rubuta da ɗigo, aka shigo da wani da ba ya cikin zauren, ya karanta tiryan-tiryan.

Duk da haka, sai a 1854 aka amince da tsarin a hukumance a makarantar. Braille bai ga wannan rana ba, domin tarin fuka ya kashe shi ranar 6 ga Janairu 1852, yana ɗan shekara 43. Shekara 100 bayan rasuwarsa, a 1952, Faransa ta mayar da gawarsa Panthéon, inda take binne manyan gwarazanta, aka bar ƙasusuwan hannayensa a Coupvray.

A wajen Faransa ma rigimar iri ɗaya ce. A Ingila akwai tsare-tsare da dama masu gasa da juna, ciki har da na William Moon na 1845. Wani likita da ganinsa ya yi rauni, Thomas Armitage, ya kafa ƙungiya a 1868 bisa sharaɗi ɗaya: waɗanda za su yanke hukunci a kan rubutun makafi su kasance masu karatu da yatsa. Suka gwada tsare-tsaren ɗaya bayan ɗaya, suka zaɓi na Braille. A 1878 wani taron ƙasa da ƙasa a Paris ya bi sahu. A Amurka kuwa gardamar ta daɗe har aka yi mata laƙabi da yaƙin ɗigo. Wasu makarantu na bin tsarin New York Point na William Wait, wasu na bin wani Braille da aka sauya wa fasali, wasu na riƙe da haruffa masu tudu. Makaho mai son karatu, irin su Helen Keller, dole ya koyi tsari da yawa kafin ya iya karanta littattafan da ke akwai. Sai a 1932 Amurka da Ingila suka daidaita a kan Braille ɗaya na Ingilishi, fiye da shekara 100 bayan littafin farko na Louis Braille.

Kurame sun sha irin wannan, nasu ma ya fi muni. Tun wajen 1760 wani limamin coci, Abbé de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a Paris, inda ya gina koyarwarsa a kan alamun hannu da ya tarar kuramen na yi da junansu. Amma a 1880 malaman kurame suka yi taro a Milan ta Italiya, kusan dukkansu masu ji ne, suka zartar cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta magana. Aka sallami malamai kurame daga makarantu da yawa, aka riƙa hukunta yara in sun yi magana da hannu. Faransa ba ta amince da maganar hannun kuramenta a matsayin cikakken harshe ba sai a dokar 2005, kuma sai a 2010, a Vancouver ta Kanada, magadan wancan taro suka janye hukuncin Milan a bainar jama'a. A Afirka ta Yamma, wanda ya fi kowa yaɗa makarantun kurame shi ma kurma ne, Andrew Foster, baƙar fatar Amurka da ya buɗe ta farko a Ghana a 1957. A ƙasar Hausa kuwa kurame na da tasu maganar hannu tun kafin zuwan waɗannan makarantu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000.

Na'urorin zamani ma tafarkinsu ke nan. Manhajar JAWS, mai karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, Ted Henter ne ya jagoranci ƙirƙirarta, mutumin da ya rasa idanunsa a hatsarin mota. NVDA, wadda ake saukewa kyauta, wasu makafi biyu ƴan Ostareliya ne suka gina ta, Michael Curran da James Teh, tun daga 2006. Yau salular Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, makaho na iya aika saƙo ya bi labarai ba tare da ɗan jagora ba.

Wannan ci gaba ya sa wasu ke cewa zamanin Braille ya wuce, a raba wa yara salula kawai a huta. Mai wannan magana bai yi tunanin ɗan lakwal na Nijar ba, wanda da Faransanci zai rubuta BEPC da Bak. Kalmomin ver, vers, vert da verre duk sauti ɗaya ne a kunne, sai wanda ya taɓa haruffansu da yatsa zai san bambancin rubutunsu. Haka lissafi: ba a warware dogon lissafi da saurare kaɗai. Ita ma Hausa ba a bar ta baya ba, domin an tanadar wa ɓ, ɗ da ƙ alamominsu a Braille, kuma a ƙasar maƙwabtanmu makarantar makafi ta Gindiri tana aiki tun 1953. Murya na da amfaninta, ɗigo na da nasa, yaro na buƙatar duka biyu.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya ambaci Braille da maganar hannu da sunansu, ya ce a ɗauki malamai masu naƙasa su ma su koyar. Abin da ya rage shi ne aiki. Allo da tsinke ba su da tsada, ba sa buƙatar wutar lantarki, suna shiga aljihu. Keken rubutun Perkins, da aka fara sayarwa a 1951, yana da sauri da ƙarko amma kuɗinsa ya kai ɗaruruwan dalar Amurka, kuma in ya lalace sai an samu mai gyara. Takarda mai kauri kuwa kullum ƙarewa take yi, sai an sake saye. Wanne ya kamata a fara saya wa aji a Maraɗi, Damagaram ko Tawa? Ɗalibi makaho da malaminsa makaho sun fi kowane baƙon masani sanin amsar.

Don haka, ga magajin gari, ko ƙungiyar agaji, ko attajirin da ya yi niyyar taimaka wa ajin makafi ko na kurame, shawarata ita ce kafin a rubuta jerin kayan da za a saya, a zauna da ɗaliban da ƙungiyoyinsu, a ba su kayan su gwada, kuma a bar musu zaɓin ƙarshe, kamar yadda Armitage ya yi a 1868. Ranar 4 ga Janairu, da Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin ranar Braille tun 2019, lokaci ne mai kyau na fara wannan zama.