Franklin Roosevelt: Shugabancin Amurka Cikin Karayar Arziki da Yaƙi

A watan Oktoba na shekarar 1929 kasuwar hannayen jari ta birnin New York ta faɗi warwas. Mutanen da suka ci bashi don sayen hannun jari suka wayi gari ba jari, ga kuma bashi a wuya. Daga nan masifar ta bazu. Masana'antu suka rage ma'aikata, farashin amfanin gona ya karye, bankuna kimanin 9,000 suka durƙushe tsakanin 1930 da 1933 da ajiyar jama'a a cikinsu. Zuwa farkon 1933, kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi.

Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Herbert Hoover. Mutum ne mai ƙwazo, amma ya yi imani cewa tallafa wa matalauta aikin jihohi ne da ƙungiyoyin agaji, ba na gwamnatin tarayya ba. Jama'a ba su yafe masa ba. Unguwannin bukkokin kwali da kwano da marasa gida suka kafa a bayan gari, sunansa aka laƙaba musu, ana kiransu Hooverville. A zaɓen Nuwamba 1932 gwamnan jihar New York, Franklin Delano Roosevelt, ya kayar da shi, ya ci jihohi 42 daga cikin 48.

An haifi Roosevelt a 1882 a gidan masu dukiya, bai san yunwa ba. Abin da ya sani shi ne jinya. A 1921, yana da shekara 39, ciwon da likitoci suka ce shan-inna ne ya shanye masa ƙafafu, bai sake tafiya da kansa ba sai da ƙarafa da taimakon wani. Ƴan jarida na wancan zamani ba kasafai suke ɗaukar hotonsa a keken guragu ba, don haka Amurkawa da yawa ba su san girman larurarsa ba.

Ranar 4 ga Maris 1933 aka rantsar da shi, a daidai lokacin da mutane ke tururuwa zuwa bankuna suna kwashe kuɗinsu. Bayan kwana biyu ya rufe dukkan bankunan ƙasar. Majalisa ta zartar da dokar gaggawa ranar 9 ga wata, aka shiga tantance bankin da ke da lafiya da wanda ya ruɓe. Daren 12 ga Maris ya yi wa jama'a magana ta rediyo, ya bayyana musu cikin sauƙaƙan kalmomi yadda banki ke aiki, da dalilin da ya sa ajiya a bankin da aka tantance ta fi ɓoye kuɗi a gida. Da aka fara buɗe bankuna washegari, masu kawo kuɗi suka fi masu cirewa yawa. Wannan ita ce ta farko cikin hirarrakinsa na rediyo da aka fi sani da hirar bakin murhu, kuma a nan ne gwanintarsa ta fi fitowa: ya iya sa mai sauraro ya ji kamar da shi kaɗai ake magana.

Shirinsa na farfaɗo da ƙasa shi ake kira New Deal, wato sabon tsari. A cikin kwana ɗari na farko aka kafa hukumar da ta ɗauki samari aikin dashen itatuwa da gyaran dazuzzuka, ana biyansu dala 30 a wata, a aika 25 ga iyalansu. Aka kafa hukumar kwarin kogin Tennessee, ta gina madatsun ruwa, ta kai wutar lantarki ƙauyuka. Aka kuma biya manoma don su rage noma, farashi ya tashi. Wannan mataki ya jawo suka mai zafi, domin an yanka ƴaƴan alade kimanin miliyan 6 alhali mutane na kwana da yunwa. A 1935 dokar fansho da tallafin marasa aiki ta biyo baya, wadda ministar ƙwadago Frances Perkins, mace ta farko a majalisar ministocin Amurka, ta tsaya a kai. Sai dai dokar ta tsame leburorin gona da masu aikatau a gidaje, kuma a nan ne yawancin baƙaƙen fata na kudancin ƙasar suke.

Nasara takan sa shugaba ya zarce. Kotun Ƙoli ta soke wasu manyan dokokinsa a 1935 da 1936. Bayan ya ci jihohi 46 a zaɓen 1936, sai ya nemi ikon ƙara alƙalai har shida a kan taran da ke kotun. Ƴan jam'iyyarsa ma suka ƙi, shirin ya mutu a majalisa a 1937. A wannan shekara kuma ya rage kashe kuɗin gwamnati, tattalin arziki ya sake komawa baya. Gaskiyar magana, New Deal ya sassauta wahala, amma yaƙi ne ya kawar da rashin aikin yi.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Turai a 1939, yawancin Amurkawa ba sa son shiga. Roosevelt ya bi a sannu. Ya ci zaɓe karo na uku a 1940, abin da ba wanda ya taɓa yi, sannan a Maris 1941 ya samu dokar ba da aron makamai ga Ingila, daga baya har Tarayyar Sobiyet. Wasu jiragen saman da aka aika Gabas ta Tsakiya ta Afirka ta Yamma suka bi, suna sauka a Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, kafin su wuce Hartum. A Agusta 1941 shi da Winston Churchill suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da take so. Churchill ya yi maza ya ce maganar ba ta shafi ƙasashen da Ingila ke mulka ba, amma ƴan kishin ƙasa a Afirka suka riƙe ta. Nnamdi Azikiwe ya kafa hujja da ita a takardar neman ƴancin kai da aka miƙa a Landan a 1943.

Harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941 ya kashe Amurkawa kimanin 2,400, ya kuma kawo ƙarshen gardama. Masana'antun motoci suka koma ƙera tankoki da jirage, mata suka cika ma'aikatu, zuwa 1944 marasa aiki ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. A cikin wannan yanayi Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin da ya fi ɓata masa suna. Daga Fabrairu 1942 aka kwashe mutane ƴan asalin Japan kimanin 120,000, akasarinsu ƴan ƙasar Amurka ne, aka tsare su a sansanoni ba tare da shari'a ba. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta biya kowane mai rai daga cikinsu dala 20,000.

Ya sake cin zaɓe a 1944 yana fama da ciwon zuciya da hawan jini, wanda aka ɓoye wa masu jefa ƙuri'a. A Fabrairu 1945 ya gana da Churchill da Stalin a Yalta kan makomar Turai da kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu 1945 a Warm Springs ta jihar Georgia, yana da shekara 63, saura ƙasa da wata guda Jamus ta miƙa wuya. Mataimakinsa Harry Truman ya gaje shi. A 1951 aka gyara tsarin mulkin Amurka, aka hana zaɓen mutum ɗaya shugaban ƙasa fiye da sau biyu.