Asalin Daba da Tsarin Shugabancinta a Karkarar Arewacin Kano

A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, ƙungiyar da aka sani da Mafiya ta samo tushe a ƙarni na 19 daga 'yan hayar manyan gonaki da masu gadinsu, waɗanda suka riƙa sayar wa manoma kariya a inda hukuma ba ta da ƙarfi, kuma ta ginu bisa "gidaje" masu shugaba da mataimaki da mai ba da shawara da mayaƙa da ake rantsarwa, tsarin da 'yan ci-rani suka kai Amurka har aka kafa gidaje 5 a birnin New York a 1931. Ƙasar Kano ba ta taɓa samun irin wannan ba, amma tana da daba, wato gungun samari masu ɗauke da makamai da ke bin jagora guda, kuma saiwarta tana cikin karkara kamar yadda ta Mafiya take.

Yankin da ya miƙa daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Minjibir da Bichi da Ɗambatta yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda gona ke manne da gona, ana noma ta kowace shekara da takin gida ba tare da an bar ta ta huta ba, kamar yadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana a shekarun 1960. Inda babu daji babu namun dawa, saboda haka mafarautan waɗannan ƙauyuka sai sun haɗa gayya bayan an cire amfanin gona, su tafi nesa da karnukansu da gorori da barandami, su kwana a sansani har a ƙare farauta. Irin wannan tafiya tana buƙatar mai faɗa a ji, shi ya sa ake da Sarkin Dawa ko Sarkin Baka, wanda ke sa rana, ya raba nama, ya kuma sasanta rikicin da kan tashi idan karnukan ƙauyuka biyu suka kama dabba ɗaya. Daga wannan rikici ne gaba ke somawa, kuma takan daɗe fiye da farautar da ta haife ta. A gefe guda akwai 'yan tauri, masu shan maganin ƙarfe domin kada wuƙa ta kama su, waɗanda makaɗa ke zugawa da kirari a bainar jama'a, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne mafarauci kuma ɗan tauri.

Abin da ke ɗaure waɗannan mutane ba jini ba ne, dangantakar ubangida da yaronsa ce, irin wadda ake gani a kasuwa da maƙera da fatauci. Jagora yana samun matsayinsa ta jarunta da asiri da iya fitar da yaronsa idan an kama shi. A ƙarƙashinsa akwai manyan yara da suka yi suna, sai ƙanana masu riƙon karnuka da zuwa aike, waɗanda ke hawa sama gwargwadon abin da suka nuna a fage. Idan harkar ta karkata zuwa sata, akan sami ɓarawon zaune, wato mai karɓar kayan da aka sato ya sayar, wanda galibi ya fi kowa cin riba, ya kuma fi kowa nisa da kurkuku. Babu rantsuwar shiga ta bai-ɗaya, babu majalisar da ke haɗa shugabanni, kuma daba takan watse ko ta rabu biyu da zarar jagoranta ya tsufa ko ya tuba.

Siyasar jam'iyyu ce ta sauya mata alƙibla. Bayan kafa NEPU a 1950, gwagwarmayarta da NPC ta sa kowane ɓangare neman 'yan banga, wato masu gadin taro da jiga-jigan jam'iyya, kuma ba a sami waɗanda suka fi mafarauta da 'yan tauri dacewa ba. A Kano har an yi ƙungiyar da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda ta riƙa far wa 'yan NEPU. Al'amarin ya sake ƙamari tsakanin 1979 da 1983 a fafatawar PRP da NPN. Daga nan aka sami sabon bene a saman tsarin, wato ɗan siyasa mai ba da kuɗi da mota da beli, wanda ba ya cikin daba amma ita ke yi masa aiki. Haka aka ga Ƙauraye a Katsina, Sara-suka a Bauchi, da Kalare a Gombe.

Dalilin da ya hana daba zama gwamnatin ɓoye a karkara shi ne cewa ba ta sami gurbin da Mafiya ta samu ba, domin gado da cinikin gona da haraji duk sun kasance a hannun mai unguwa da dagaci da hakimi da alƙali, kuma a ƙauyen da kowa ya san uban kowa, da wuya a karɓi kuɗin kariya daga maƙwabci. Sauyin ƙananan hukumomi na 1976 da soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta jihar Kano ta yi a 1979 sun rage wa dagatai iko, sai dai a lokacin samarin da ke neman ubangida sun riga sun fuskanci birni, inda unguwa ta maye gurbin ƙauye a matsayin abin da ake faɗa a kai.