Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Ƙofar Ruwa: Me Ya Sa Tiyon Lagireto Ke Yoyo?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako.

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ya saba ganin tirela a gefen titi, an jera ganye a bayanta, yaron mota na yawon neman ruwa da jarka. Sau da yawa tiyon lagireto ne ya fashe. To wannan ɗan tiyo yana da tarihi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, daga baya manyan motoci suka riƙa kwaso ta daga ƙauyuka zuwa tasha. A shekarun 1970 gwamnati ta shiga haɗa manyan motoci a gida: Fiat a kamfanin NTM na Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu. Inji, lagireto da tiyo duk ma'auni ɗaya suke fitowa.

Sai tsarin SAP na 1986 ya zo, naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai ƙaramin ƙarfi. Aka koma kan tsofaffin injina daga Turai. Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Dala ta zama matattarar kayan gyara, kanikawanmu kuwa suka ƙware wajen ɗora injin wata mota a jikin wata. Basira ce, wallahi, amma tana da tsada.

Injin da aka sauya yakan fi na asali ƙarfi da zafi, musamman mai tobo, alhali lagireton tsohon ne. Bakin tiyo bai yi daidai ba, sai a yi masa jona da guntun bututu, a ɗaure da waya ko robar taya. Ga girgiza, ga lodi fiye da ƙima, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ina tiyo zai kai labari?

Rigakafin ba wuya. A sa lagireto daidai ƙarfin injin. Bututun jona ya kasance da ɗan tudu a baki, don kada tiyo ya zame. A ɗaure da kilif, domin waya yanka roba take. A raba tiyo da salansa da duk ƙarfen da zai goge shi, a kuma hana baƙin mai ɗiga a kansa, yana ruɓar da roba. A duba murfin lagireto, shi ke daidaita matsin ruwa. Ruwan rijiya zalla tsatsa yake kawowa, a haɗa da ruwan sanyaya inji. Da safe, inji na sanyi, a matsa tiyo da hannu: in ya yi tauri ko ya kumbura, a canza. Kada a buɗe murfi inji na zafi.

Tiyo ɗaya kan sa tumatirin Kadawa ya ruɓe kafin Legas, ko motar haya ta afka wa tirelar da ta mutu cikin dare. Yaranmu da ke gareji sun cancanci horo na gaske da kayan aiki masu inganci, mu matasa mu nema musu.

Ku tura wa direba ko bakanike da kuka sani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.